Gari Ranar Juma'a, Zango Sauran Kwanaki

Wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Kabuga ya miƙi titin Gwarzo, kafin ya kai sabon mazaunin Jami'ar Bayero sai ya ratsa Rijiyar Zaki. In daga cikin mota ya kalle ta, ba zai ce unguwar ta rasa komai ba. Ga tasha ana lodin Rimin Gado da Gwarzo, ga gidajen mai, ga shagunan siminti da rodi da kwanon rufi, ga kemis-kemis, ga masu POS a ƙarƙashin lema, ga ofishin 'yan sanda, ga makarantun kuɗi kowace da allonta mai sunan Turanci ko na Larabci. Da daddare mai tsire da mai shayi su kunna fitila har dare ya raba. Amma yawancin unguwar ba a bakin titi take ba. Tana can ciki, inda kwalta ta ƙare, inda mai adaidaita sahu ke cewa sai an ƙara masa kuɗi in damina ce. A can nake zaune, kuma abin da zan faɗa a can na gan shi.

Layinmu mota ɗaya yake ɗauka. In biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya har kwana, kuma galibi mai ƙaramar mota ko mai ƙananan shekaru ne ke ja. Ruwan wanka da na wanke-wanke yana fitowa daga kowane gida ta ɗan bututu, ya haɗu a tsakiyar hanya ya yi wa kansa kwata. Na sha kuwa 'yan garuwa ne ke turo shi a kura daga bohal ɗin masu sayarwa. Turakun wuta mu muka saya, da wayar, da tiransifomar. Filin ƙwallon yara shi ne fulotin wanda bai yi gini ba tukuna, ranar da ya sauke bulo wasa ya tashi. Mace in naƙuda ta kama ta cikin dare a watan Agusta, sai an tallafe ta zuwa inda mota ta iya tsayawa. Abu ɗaya ne ba mu rasa ba. In ka tsaya a ƙofar gida da asuba, kiran salla zai zo maka daga gabas da yamma da kudu da arewa, wani na farawa wani na tsakiya, har ka rasa wanda za ka amsa wa. Masallatai kam alhamdu lillahi, da tayil da fanka, wasu har da sola.

Ba ƙorafi a kan gwamnati na zauna yi ba, masu yin sa a rediyo kowace safiya sun wadatar. Tambayata ta fiƙihu ce. Idan abu ya wajaba a kan jama'a, aka bar shi ba a yi ba, a wurin da kowa ke ganin kansa baƙo ne, wa Allah zai tambaya?

Sai an san yadda wurin ya zama unguwa kafin a ji nauyin tambayar. Ganuwar Kano, wadda aka fara zamanin Sarki Gijimasu aka faɗaɗa zamanin Muhammadu Rumfa, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Da Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851, ya tarar mutane sun taru ne a kudu maso gabashin Dala, babban ɓangaren cikin ganuwa kuwa gonaki ne da fili. Garin da bai cika badalarsa ba, me zai kai shi bayanta? Da Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai garin ya juya fuskarsa gabas: Nasarawa, Sabon Gari, Bompai, Kantin Kwari. Yamma ta zauna yadda take, ƙauyuka da gonakin gero da dawa da gyaɗa, da ɗorawa da kuka da rimi. Dattawan wurin, 'yan asalin ƙasa waɗanda gidajensu na ƙasa ke tsakiyarmu har yau, suna ba da labarin jakunan da ke shiga birni da itace da safe su dawo da taki a mangala da yamma.

Daga nan abubuwa suka riƙa biyo juna. Kano ta zama babban birnin jiha a 1967. Farin farkon shekarun 1970 ya koro mutane daga karkara, kuɗin man fetur ya jawo wasu. Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ta sami makeken fili a kan titin Gwarzo, ma'aikata da ɗalibai da masu sayar musu da abinci suka biyo ta. A cikin gari kuma gidajen gado suka cika: gida ɗaya magada ashirin, ba ya rabuwa sai an sayar, kowa ya ɗauki kasonsa ya nemi inda kuɗinsa zai kai. Haka mu ma muka fito. Rikicin Kaduna na 2000, da na Jos na 2001, da abin da ya faɗa wa Borno da Yobe daga 2009, kowanne ya zubo nasa mutanen a gefen Kano. Ƙidayar 2006 ta ba Ungogo, ƙaramar hukumar da Rijiyar Zaki ke cikin mazaɓunta, mutum sama da 360,000. Ba a sake ƙidaya ba tun daga nan, amma duk wanda ya san inda gidaje suka tsaya a lokacin ya san inda suka kai yau.

A takarda dai ba a bar garin sakaka ba. An zana wa Kano tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, akwai hukumar tsara birni, dokar filaye ta 1978 kuma ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Sai dai mai gona bai jira takarda ba. Ya ga maƙwabcinsa ya sayar ya sauke farali ya sayi babur, sai shi ma ya kira dillali da mai awo. Su zo da igiya da turaku su yanka: hamsin-hamsin, hamsin da saba'in da biyar, rabin fuloti ga mai ƙaramin ƙarfi. Shi ne awon igiya. A irin wannan awo kowane taku kuɗi ne, saboda haka hanya asara ce, abin da ba yadda za a yi da shi kaɗai ake bar mata. Filin makaranta, filin asibiti, inda ruwa zai bi, inda za a binne mutane, ba mai biyan kuɗin waɗannan, don haka ba a auna su. Kududdufin da ruwan ƙauye ke taruwa a cike shi da shara, shi ma a yanka. Mai saye ya zo da rani ya ga fili fetal, ya biya, a yi takarda shaidu su sa hannu, dillali ya karɓi la'ada. Ban ɗora laifin a kan mai gona shi kaɗai ba. Da kunnena na ji mai saye yana ce wa dillali, "Malam, hanyar nan ai ta yi faɗi, a ƙara mini taku biyar daga cikinta mana."

Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Iziyya ko Risala ya san farilla iri biyu ce. Akwai wadda ke kan kowa, ba mai ɗauke wa wani, kamar salla da azumi. Akwai kuma fardu kifaya, wadda ke kan jama'a: in wasu suka yi ta faɗi a kan sauran, in aka bar ta an yi laifi gaba ɗaya. Misalin da malam ke bayarwa kullum shi ne gawa, wanka da likkafani da salla da binnewa. A nan kam ba a bar mu a baya ba. A yi rasuwa a layinmu, ko wanda ya tare jiya ne, kafin a gama sanarwa a lasifika an samo mai wanka, wani ya kawo yadi, wani ya ba da mota, sahu ya cika. Ban taɓa ganin gawar da ta rasa masu salla ba. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda babin ya tsaya a nan, sai ka ce haƙƙin musulmi a kan jama'arsa ba ya farawa sai ya daina numfashi. Yaron da ya sha ruwan rijiyar da masai ke tsiyaya a cikinta, amai da gudawa suka tafi da shi, za mu cika sahu a kansa. Masan da rijiyar kuwa ba wanda ya ga suna cikin babin.

Malaman da ba haka suka taƙaita shi ba. Imamu Gazali a Ihya'u ya lissafa likitanci da lissafi da noma da saƙa, har da ƙaho, cikin fardu kifaya, ya kuma koka da garuruwan da suka cika da masu jayayya a kan rassan fiƙihu alhali ba su da likita musulmi. Ma'aunin shi ne, duk abin da rayuwar mutane ba ta tsayuwa sai da shi, wajibi ne a sami masu tsayuwa da shi. In haka ne, kwata da hanya da ruwa mai tsabta sun shiga da ƙafarsu, ba sai an tura su ba.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Fardu kifaya jama'a take nema. A cikin gari an san jama'a: ga mai unguwa, ga liman, ga zauren da dattawa ke zama bayan la'asar, ga gidajen da suka yi auratayya tun kaka da kakanni. In kwata ta toshe an san wanda zai kira gayya, an san wanda zai ji kunya in bai fito ba. A nan fa? Na damanka ma'aikaci ne da aiki ya kawo shi, na hagu ɗan kasuwa ne da ba a ganinsa sai bayan isha, na gaba gudun hijira ya yo, na baya gidan haya ne mutanensa na canzawa kowace shekara. Ba abin da ya haɗa ku sai mai gonar da kuka sayi fili a wurinsa. Ɗaurin aure a cikin gari ake yi, zaman makoki a cikin gari, salla ƙarama da babba a rufe ƙofa a tafi wajen dangi. Mutum ya shekara goma sha biyar a gidan da ya gina da guminsa, amma in ya ce zai je gida ba nan yake nufi ba. Mai irin wannan zuciya yana iya cewa, kuma da gaskiyarsa, shi bai shiga wata jama'a ba, fili ya saya, kuma ba a kama mutum da laifin taron da bai san ya shiga ba. Hujja ce mai ƙarfi, ba ta wasa ba.

Abin da ke rushe ta a wurina shi ne sallar Juma'a.

A mazhabar Malikiyya ba ko'ina ake kafa Juma'a ba. Cikin sharuɗɗanta akwai istiɗani, wato mutanen wurin su zama mazauna da niyyar dawwama. Makiyayan da za su tashi in ciyawa ta ƙare, ko fataken da suka sauke kaya a hanya, ko sun kai dubu ba sa kafa Juma'a a masaukinsu. Sa'an nan malamai suka ce farkon kafa ta sai da jama'ar da gari ke iya tsayuwa da ita, masu iya kare kansu da biyan bukatun zamansu. Bayan haka ne ake maganar mutum goma sha biyu ban da liman. Wanda kuma ke tsakanin mil uku da masallacin, wajibi ne ya taho. Shi ya sa kakanninmu suka taso Juma'a ɗaya ce a birni, ta babban masallacin da ke jikin gidan Sarki, mutanen ƙauyukan kusa su yi sammako su tako. Littattafan mazhaba sun tsananta a kan yawaita Juma'a a gari ɗaya, suka fifita tsohon masallaci, sai in larura ta sa, kamar ƙuncin wuri.

Yau tsakanin Kabuga da Janguza kowace unguwa da masallacin Juma'arta, wata ma fiye da ɗaya. Ban ce kuskure ba ne, mutane sun yi yawa, larura ta tabbata. Abin da nake so a lura da shi dabam ne. Ranar da muka je neman izinin buɗe Juma'a, aka zo aka buɗe, aka naɗa liman, me muka shaida a gaban Allah? Mun shaida cewa mu mazauna ne ba matafiya ba, kuma mu jama'a ce wadda gari ke tsayuwa da ita. Da wannan shaidar sallarmu ta inganta. To ba zai yiwu mu zama gari da ƙarfe biyun ranar Juma'a, mu koma zango daga la'asar har wata Juma'ar ba. In mun isa jama'a har azahar ta faɗi a kanmu, mun isa jama'a har kwata ta hau kanmu. Wanda ya ce shi baƙo ne a unguwa, a tambaye shi ko ƙasaru yake yi a cikinta.

Kuma ba sabon abu na kawo ba. Musulmin farko sun san kafa mazauni a fili ga mutanen da ba dangin juna ba. Zamanin Sayyidina Umar, a shekara ta 17 bayan hijira, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kafa Kufa ga rundunar da ta fito daga ƙabilu dabam-dabam. A ruwayar Ɗabari, da masallaci aka fara, gaskiya ne. Aka sa maharbi ya harba kibiya ta kowace fuska, aka ce a yi gini daga bayan inda ta faɗi. Amma an auna hanyoyi tare da rabon filaye: manya kamu 40, masu bi musu 30 da 20, lunguna kamu 7, ba a yin ƙasa da haka. Ƙabilu kuma suka sami filayen binne matattunsu a unguwanninsu. Kamu bakwai ɗin nan asalinsa hukuncin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan hanyar da aka yi saɓani a kanta, kuma yana cikin Buhari da Muslim. Ya ɗan haura mita uku, awo ne na zamanin raƙumi da kayansa. Akwai layuka a bayanmu da ba su kai shi ba, a zamanin tifa da motar kashe gobara.

Mazhabarmu ma ba ta yi shiru ba. Wani magini ɗan Tunis, Ibnu Rami, ya rubuta littafi sukutum a ƙarni na 14 a kan hukunce-hukuncen gini: indararon da ke zuba a kan hanya, tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, bambancin ruwan sama da ruwan ƙazanta, hukuncin wanda ya ci hanya da katangarsa. A ƙasarmu Malam Abdullahi na Gwandu ya yi Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar ƙasa, ya yi bayanin harimi, wato filin da ke kewaye da gari ko rijiya, wanda amfaninsa na kowa ne ba mai killace shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a Usulus Siyasa, ya sa gina gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin aikin shugaba. Littattafan nan suna nan ba su ɓata ba. Na sha jin karatun ƙabalu da sadalu a lasifikar unguwarmu daga magariba har isha. Ban taɓa jin an buɗe babin indararo ba.

Me ya sa mai hali in ya tashi neman lada, masallaci ne ke fara zuwa masa? Dalili na farko mai kyau ne. Alkawarin gida a Aljanna ga wanda ya gina wa Allah masallaci sananne ne, yaro ma ya haddace, kuma ba ni da ja a kansa. Amma akwai dalilan da ba a faɗa. Masallaci ana ganinsa, ana kiransa da sunan mai shi, ana buɗe shi da taro. Kwalbati binne ta ake yi, mota ta bi ta kai ba wanda ya ce Allah ya saka da alheri. Masallaci mutum ɗaya na iya gina shi a jikin katangarsa bai shawarci kowa ba. Kwata kuwa sai gida talatin sun yarda, sai an roƙi wanda ya ci hanya ya rushe dakalinsa, sai an jure bakin wanda bai ba da ko sisi ba amma shi ne zai fara tambayar ina kuɗi suka shiga. Ibadar da ke bukatar haƙuri da mutane ta fi ta bulo da siminti tsada. Akwai kuma, a yi haƙuri da ni, masallacin da saɓani ya haifa. An ɓata da liman a kan wata mas'ala, sai a ja taku ɗari a kafa wani, sahu biyu ya koma ɗaya a nan ɗaya a can.

Na taɓa kai maganar ga wani limami, dattijo mai sauƙin kai, bayan an watse daga isha. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, mutum ne yake da kuɗin bulo dubu, a unguwar da ke da masallatai amma ruwa ke shiga ɗakunan mutane. Ina ya fi ya sa su?" Ya ce, "Ɗana, amsar ai ba ta ɓuya ba. Amma in na faɗa a bainar jama'a, gobe za a ce liman ya hana gina ɗakin Allah." Ban ga laifinsa ba. Ɗan abin da yake samu a ƙarshen wata daga hannun mai ginin yake fitowa.

Alhali tarihin da muka taso muna ji ya nuna wata hanya. Da ruwa ya yi wa musulmi wuya a Madina, Sayyidina Usman rijiyar Ruma ya saya ya bar wa jama'a, kuma a kanta aka yi masa bushara. Sa'adu ɗan Ubada da ya nemi sadakar da zai yi wa mahaifiyarsa bayan rasuwarta, ruwa aka nuna masa, ya haƙa rijiya. Kawar da abin cutarwa daga hanya an lissafa shi cikin rassan imani. Usman ɗin nan ya sayi fili an faɗaɗa masallacin Annabi, amma sai da masallacin ya yi wa mutane kaɗan. Bukatar jama'a ce ke nuna masa inda zai sa dukiyarsa.

Ba zan zalunci unguwata ba. Akwai masu bohal da suka fito da famfo bayan katanga, safe da yamma mata da yara na layi, ba su karɓar komai, Allah ya ba su ladan Usman. Mun yi karo-karo mun sayi tiransifoma, muna haɗa kuɗin 'yan sintiri duk wata. Wannan ya nuna jama'ar tana nan in ta ga dama. Sai dai a duba abin da ke tayar da ita: duhu da ɓarawo, abubuwan da ke iya shiga gidan kowa a dare ɗaya. Ruwan damina ba haka yake ba, yana da wanda yake zaɓa. Na tudu ya tura wa na gangare, na gangare ya ɗaga dakali ya tura wa na ƙasa da shi, har ya ƙare a ɗakin wanda ya sayi tsohon kududdufi saboda nan ne kuɗinsa ya kai. Shi kaɗai ke kwana yana kwarfa, shi da matarsa, yara a kan gado. Haka ruwan ƙasa: mai hali ya haƙa bohal mai zurfi, na kusa da shi ya haƙa wanda ya fi, rijiyar talaka ta ƙafe, ya koma sayen jarka. A nan ake gane taimakon kai da kai dabam, fardu kifaya dabam. Na farko yana tsayawa inda amfanina ya tsaya. Ta biyun ba ta sauka daga wuyana sai ruwa ya daina shiga ɗakin mutumin can.

Ba kuma kowa ne nauyinsa ɗaya ba. Malamai sun ce laifin barin ta yana kan wanda ya sani kuma yake da iko. Bazawarar da ke haya da marayunta a ɗaki ɗaya ba za a jera ta da mai gida hawa biyu da janareta ba. Gwargwadon ƙarfin mutum gwargwadon tambayarsa, kuma a unguwa irin tamu an san masu ƙarfi, katangunsu sun nuna su.

Abokaina 'yan boko sun sha ce mini wannan magana sauke wa hukuma nauyi ce. Haraji fa? Kason ƙaramar hukuma fa? Kano ta san ruwan famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da aka jawo shi daga Challawa, daga baya aka ƙara Tamburawa da Watari. In an iya a wancan lokacin, don me yau za a ce talaka ya haƙa? Gaskiyarsu. Babbar magudanar ruwa da bututu da asibiti sun fi ƙarfin karo-karo, kuma Bello a kan shugaba ya ɗora gada, ba a kan talakawa ba. Ga kuma yadda aka shata iyaka: garin Ungogo, inda sakatariya take, yana arewa da birni, mutumin Rijiyar Zaki sai ya ratsa ƙananan hukumomin wasu kafin ya kai tasa. Amma fardu kifaya ba ta ce kowa ya ɗauki shebur ba, cewa ta yi abin ya tabbata. Mai iko ya yi, wanda ba shi da iko ya tsaya a kan mai iko har ya yi. Wanda ya iya rubuta takarda, rubutun ne kasonsa. Injiniyan da ke layi, awon gangare ne kasonsa. Mai ƙuri'a kuma, ranar da ɗan takara ya zo da atamfa da taliya ya karɓa bai tambayi kwata ba, ya sayar da nasa kason da arha. Gazawar shugaba laifi ne a kansa, babba kuwa, amma ba ta mai da mu matafiya ba.

Abin da ya fi tsorata ni maƙabarta ce, domin a nan ko babin gawar da muke taƙama da shi ya fara suɓuce mana. Maƙabartun da aka keɓe don ƙauye mai gida hamsin yanzu dubbai suke karɓa, gidaje sun kewaye su, wasu an ci gefensu. Masu asali a birni su koma da mamacinsu Ɗandolo ko Ƙofar Mazugal, waɗanda su ma sun daɗe da cika. Wanda ba shi da kowa a birni fa? Binnewa fardu kifaya ce ba mai musu, kuma ƙa'ida ce a wurin malamai cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ke nan filin kabari yana kan unguwa tun kafin a mutu. Kowace shekarar da aka jinkirta, gonar da za a saya ta ƙara nisa ta ƙara tsada.

Namu layin ya riga ya ginu, abin da ya rage mana gyara ne da lallashin mai dakali. Amma igiya ba ta tsaya ba. Yanzu haka ana yanka gonaki a bayan jami'a da hanyar Rimin Gado, ana yi a wajen Dawanau da Mariri da Panshekara. Ina roƙon masu ba da izinin Juma'a, in jama'a suka zo neman buɗe sabon masallaci, a tambaye su ina maƙabartarsu, ina ruwansu ke bi, hanyar da za a fito da makara kamu nawa ce. Ina roƙon limamai huɗuba ko ɗaya ce kafin damina a kan haƙƙin hanya da ruwan ƙazanta, ko da mai ginin yana sahun gaba. Mai gonar da zai kira mai awo bana kuwa, Baba, don Allah a fara fitar da hanya da filin kabari, a rubuta su waƙafi a gaban shaidu, sa'an nan a yanka abin da ya rage.